Ruwan da Inna Ba Ta Bayar Ba

Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, kafin azahar an kai ta. Uwar maigidana ce, amma tun ranar da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Inna, ba kuwa yanzu zan fara ba. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci.

Kwana uku tsakar gidanmu babu wurin aje ƙafa. Matan Garu sun zo a ƙasa, na Tozai sun zo da gero a ƙwarya, danginta na Ƙonni sun ƙetaro iyaka tun ranar farko. Wata tsohuwa ta Gidan Katta, ƙawarta tun suna 'yan mata, a kan jaki aka kawo ta, sai da mata biyu suka kama ta kafin ta sauka. Da ta zauna ta nemi ruwa. Aka kawo mata, ta kurɓa, ta riƙe shi a baki, sannan ta haɗiye ta ce, "Wanga ba na hannunta na ba." Sai a lokacin ta fara kuka, kamar sai da ta sha ruwan ta yarda Inna ta mutu.

Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce Inna ce ta yi mata ruwan jego kwana arba'in ba ta karɓi ko goro ba. Wata ta ce Inna ta taɓa korarta daga bakin tafki da sanda don ta je wanke tsumman jariri, ta faɗa tana dariya tana share hawaye. Amma duk wadda ta gama yabo sai ta rage murya ta ƙara abu ɗaya, kamar an haɗa baki. Ƙanwar maigidana ce ta faɗe shi a fili. Ta ce, "Allah shi yahe mata abin da ya samu yarinyar nan. Ba da gangan ta yi ba, tsuhwa na, ido ya riga ya tahi."

Ina zaune kan tabarma ina karɓar gaisuwa, na buɗe baki na ce amin. Sau nawa na ce amin ɗin nan cikin kwana uku, ban ƙirga ba, kowanne kuwa ƙarya ne. Yarinyar da suke nufi ɗiyata ce ta fari, wadda ta rasu tana shekara huɗu, yau shekara goma sha uku. Duk Illela an tafi a kan cewa ruwan randar Inna ne ya kashe ta. Ba shi ba ne. Ni na ba ta ruwan da ya kashe ta, da hannuna, daga randata. Inna ta ɗauki wannan sunan har kabari, ni kuma na bar ta ta ɗauka. Mahaifina malami ne, ya koya mani rubutu tun ina ƙarama, ban taɓa yin wani abin kirki da shi ba. Bari in yi yau.

Inna gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin hannu. Karatunta bai wuce na salla ba. Abin da Allah ya ba ta hanci ne. Kome aka miƙa mata sai ta shinshina, balle ruwa. Ko gidan suna muka je aka kawo ruwan baƙi, sai ta kai ƙwaryar hancinta a gaban masu gida, in bai yi mata ba ta aje ta ce ta ƙoshi. Na sha ce mata a hanya, "Inna, kunya kike ba mu." Sai ta ce, "Ki ji kunyarki, ni cikina nike tsaro." Ba ta da fara'a mai yawa, ba ta kuma da riƙo. In ta yi maka faɗa da safe, da rana ita za ta aiko maka da ɗanwake.

Wanda bai zauna unguwarmu da rani ba ba zai gane darajarta ba. Rijiyarmu takan ja baya tun kafin bazara, abin da ya rage a ƙasa kuma ɗanɗanon kanwa gare shi, ko jaki sai ya yi shawara. Sai kowa ya koma tafkin da ke gabas da gari. Tafkin nan duk abin da damina ta kwaso a cikinsa yake ƙarewa: ganyen itace, karan gero, kashin shanu, kainuwa in ta mutu ta nutse. Mata su ɗebo, su daka ƙwayar zogale su zuba, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau, shi ke nan an gama.

Inna ta ce ba a gama ba. Ranar da na cika kwana bakwai a gidan ta zaunar da ni gaban randunanta ta ce, "Ƙazantar ruwa iri biyu ta. Akwai laka, ita ba ta da mugunta, in kin ba ta lokaci zama takai. Akwai ruɓa, ta ganye da kashi da duk abin da ya taɓa rai ya mutu. Ita ba ta zama. Narkewa takai ta bi ruwan, ki duba ki ga shi garau, tana ciki." Na ce to ta yaya ake ganinta. Ta ce ba a gani, sai dai a bar ruwa a rufaffiyar ƙwarya ya kwana, da safe a buɗe a shinshina, a shafa cikin ƙwaryar da yatsa. In an ji yauƙi, ko wani ɗan wari irin na tsohon jiƙo, to wannan ruwan wanki ne.

Inna ba ta taɓa tsoma tulu cikin tafki ba. Takan ƙirga taki bakwai daga bakin ruwa, inda ƙasa take da yashi, ta tona rami har gwiwar hannu ta zauna tana jira ruwa ya tsattsafo. Na farko ta kwashe ta zubar, na biyu ta ɗiba. A gida randa uku gare ta. Ta farko ta zogale ce, inda laka ke kwanciya. Ta biyu ta huda gindinta ta ɗora bisa duwatsu, ta cika ta da wankakken yashi da gawayin ƙirya da ta farfasa, ruwa na bi ta ciki yana ɗiga cikin ta uku. Ta uku ita ce ta sha, rufe take kullum, moɗarta daban, ba mai taɓa ta da hannun tuwo. Duk Juma'a biyu takan juye gawayin ta sa sabo, ta wanke yashin ta shanya a rana. Aiki ne mai cin rai. Tulu ɗaya sai ya ci rabin yini, ni kuwa a lokacin ƙuruciya na kaina, ina ganin tsohuwa ta rasa abin yi ne.

Kafin ruwan farko ya sauka takan ɗauki manjagara ta je ta share ganyen da ke gangaren tafki ita kaɗai, ta tara ta ƙona. Da makiyaya kuwa ba a shekara ba su yi ba. Ta ware musu gefen kudu ta ce can shanu za su sha, kamar tafkin gadon ubanta ne. Fillancin da ta iya bai wuce kalma biyar ba, uku daga ciki zagi ne. Wani dattijon Bafillace ya taɓa biyo ta har ƙofar gida yana faɗa, ta shiga ta ɗebo masa ruwan randa ta uku. Ya sha, ya ƙara. Tun daga ranar duk shekara sai ya aiko mata da man shanu, shanunsa kuma ba su sake barin gefen kudu ba.

Akwai kuma randar da ta kafa a ƙofar gida don masu wucewa. Bayan Nasara sun zo sun raba mu da Ƙonni, suka ce nan na Ingilishi can na Faransa, hanyar nan ba ta rabuwa da mutane. Fatake, masu gudun aikin dole daga can, mata da goyo. Inna ba ta taɓa tambayar kowa daga wane gefe yake ba. Iyakarta ta ce, "Rufe in ka gama." Matan unguwa da yawa sun koyi randa uku a wurinta, waɗanda ba su iya ba sukan kawo tulunsu ta gyara musu in suna da mai jego ko marar lafiya.

Fata ce ta shiga tsakaninta da ɗanta. Maigidana ɗan kasuwa ne kamar ubansa, gishiri da kanwa yake kawowa daga arewa. Sai aka wayi gari Turawan ciniki suna neman fatar jar akuya ido rufe, kowa ya koma can. Ya riƙa lodo fatu a jakuna daga ƙauyukan Ƙonni, ya haɗa kai da majema, suka kafa wurin jiƙo da wanki a gefen arewa na tafki, don nan ne kusa da hanya. Toka, bagaruwa, gashi, ragowar nama da ake kankarewa, duk nan suke gangarawa. Gidanmu ya ga sauƙin da bai taɓa gani ba. Ni kaina shekarar na fara ɗaura zane biyu sababbi a salla ɗaya, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Inna ta same shi a zaure ta ce ya mai da fatunsa yamma, inda ruwa ke gangarawa ya bar gari. Ya ce yamma da nisa, jakuna za su wahala, kuma ba shi kaɗai ba ne. Ta ce, "Ban haihi sauran ba, kai na haihwa." Ya yi dariya ya ce zai duba. Bai duba ba. Ta daina zuwa raminta na da, ta koma can ƙarshen gabas, tafiyar da ta ninka ta farko, ta kuma ƙara taki uku a kan bakwai.

A nan ne na sa baki, da ma bakina bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Wata safiya ta tarar da ni na ɗebo daga bakin tafki na zuba zogale, ruwa ya yi fes. Ta shinshina ta ce in zubar. Raina ya ɓaci, don gani nake duk wannan faɗan da mijina take yi. Na miƙe na karanta mata abin da na ji a zauren mahaifina tun ina yarinya: ruwa in launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, ƙanshinsa bai canza ba, mai tsarki ne, kuma ruwa mai yawa ɗan abu ba ya ɓata shi. Har da Larabcinsa na kawo mata, don ta san ɗiyar wa take magana da ita. Na ce, "Ko kin hi malamai sani, Inna?"

Ta dube ni ta ce, "Ban ce kar ki yi alwala da shi ba, ɗiyar malam. Na ce kar ki ba ciki."

Na ce ai sai kowa ta riƙe randarta. Ta ce to. Daga ranar ruwan gidanmu ya rabu biyu, ni da maigidana muna shan nawa, ita da yarinyar suna shan nata. Mahaifina bai taɓa cewa duk ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi ya kamata a sha ba. Ni na ƙara wannan da kaina, don in ci gardama.

Yarinyar a ɗakin Inna take tun da aka yaye ta, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana gidan. Ni kuwa da aka san ni da girman kai, na riƙe kunyar nan fiye da kowa, har ana misali da ni. Yarinyar ma Yaya take ce mani. Inna ke yi mata kitso, Inna ke ba ta abinci, a bayan Inna take barci. Inna na kiranta ƙawata. In za ta tafki sai ta ce, "Ƙawata, tsare mani gida," yarinya ta zauna gaban randuna da ɗan karanta tana korar kaji.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ina mutuwar sonta. Ina daka ina satar kallonta. Ta faɗi ta fasa gwiwa, in juya baya in ci gaba da tankaɗe. Da tafiyar Inna ta ƙara tsawo, sai gida ya riƙa zama daga ni sai ita tun safe har rana ta take. Wata ranar bazara, zafi kamar a cikin tanda, na leƙa na ga ba kowa, na yafito ta. Ta zo tana ɗari-ɗari. Na shigar da ita ɗakina, na zaunar da ita a cinyata karo na farko tun yaye, na dama mata fura da ruwan randata na ba ta a baki. Ta sha har tana lumshe ido. Na ce kada ta gaya wa kowa. Kashegari na ƙara, wanshekare ma haka. Wallahi kwana ukun nan su ne mafi daɗi da na yi a duniya, ba kuma zan iya tuna su ba tare da na ji kamar in mutu ba.

Rana ta huɗu ta tashi da amai da gudawa. Ni da maigidana ma cikinmu ya ɗan motsa a kwanakin, amma mu manya ne, ya wuce. Ita kwana biyu ta yi. Inna ta yi jiƙo, ta yi kunun kanwa, an karɓo rubutu daga wurin mahaifina, ba abin da ya zauna. Idonta ya faɗa, fatar cikinta in an ja ba ta komawa. Ta cika da la'asar a cinyar Inna, ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, don ko a lokacin ban isa in shiga in riƙe ta ba. Mata suka yi ta yaba mani, wai ko hawaye ban yi ba, ɗiyar malam ta san kunya.

A bazarar nan yara da yawa sun kwanta a unguwa, wasu sun tashi wasu ba su tashi ba. Amma tawa ce ta fara tafiya, ita da kowa ya san ba ta shan ruwan kowa sai na Inna. Magana ta fara yawo. Wasu suka ce ashe wahalar randa uku ta banza ce. Wasu suka ce gawayin ne ya tsufa ya ruɓe a ciki, tsohuwa ba ta gani. Maigidana kuwa, da ya kwana biyu yana jin ana nuna fatunsa da baki, baƙin ciki ya haɗu masa da fushi. Ranar sadakar uku ya tsaya a tsakar gida, gaban ƙannensa da matan maƙwabta, ya ce wa uwarsa, "Kin ce hwatuna ka kashe mutane. Ga wadda ba ta taɓa shan na kowa ba sai naki. Ina take?"

Ina durƙushe a bakin murhu. Kalma biyar ta ishe ni in tsai da maganar nan. Na ji tsoron saki, na ji tsoron a ce ɗiyar malam ta karya kunya a ɓoye, na fi jin tsoron in ji bakina ya faɗi abin da na yi. Na ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama. Inna ta dubi ɗanta, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, ta ce, "Allah ya karɓi abinshi." Ta shige ɗaki.

Daga nan mata suka daina kawo tulu. Waɗanda suka kafa randa uku suka kwashe gawayi suka mai da randar ta zuba gero. In ta je share gangaren tafki yara na binta da waƙa. Bayan shekara biyu aka tashi majema daga arewa, ba don maganarta ba, sai don wari ya ishi masu wucewa. Maigidana bai fasa gaishe ta ba, kullum safe sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, tufafinta da goronta ba su taɓa yankewa ba. Amma bai ƙara shan ruwan hannunta ba. In ta miƙa masa sai ya ce ya sha a waje. Shekara goma sha uku tana miƙawa, ba ta fasa ba, shi ma bai fasa ba.

Ni kuwa bayan arba'in na ɗauki tuluna na bi Inna gabas. Ta nuna mani inda ake tonawa, yadda ake gane gawayin da ya gaji, yawan zogalen da ba ya sa ɗaci. 'Ya'ya huɗu na haifa bayan nan, duk da ruwan randa ta uku suka tashi, duk suna raye. Maigidana kaɗai nake ɗebo wa na wata rijiya mai nisa, don ya ce ba ya son mai gawayi. Da idon Inna ya tafi gaba ɗaya ni nake yin aikin, ita tana zaune tana shinshinawa tana gyara mani. Ko sau ɗaya ba ta tambaye ni abin da ya sauya ni ba. Na ɗauka dattaku ne kawai irin nata.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ranar Asabar da rana, gida ya yi shiru, ina ba ta kunu a ludayi, na ga yadda hannunta ya koma, na san ba tashi za ta yi ba. Na aje ludayin na ce, "Inna, akwai maganar da nike riƙe da ita." Na faɗa mata duka, ina kuka irin wanda ban yi ba ranar da ya kamata.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Na sani. Ƙawata ta hwaɗa mani tun ranar hwarko. Ina aje tulu ta rugo ta raɗa mani, wai Yaya ta ɗauke ta bisa cinya, ta dama mata hura."

Na ce, "Kin sani, kinka yi shiru?"

Ta ce, "Ban taɓa ganin ta da murna irin ta ranar ba. Na ce in na hana, uwarta na hana ta. Na ce kwana biyu ba shi komi. Ni da na san ruwan nan hiye da kowa. To kin ga ba duka na ƙarya ba, abin da ake hwaɗi a kaina."

Na ce ba haka ba ne, ni ce. Ta ce, "Ke yarinya ta a lokacin. Da na buɗe baki da ya sake ki, ki koma gidanku da abin da ba ki iya ɗauka. Ni ina iyawa." Ta lalubo kaina ta dafa, ta ce ta yafe tun ba yau ba. Na tambaye ta ko in gaya wa ɗanta. Ta ce, "Wanga kuma naki na. Ni ban taɓa tilasta ki ba."

Na ce a raina gobe. Lahadi maigidana ya yi baƙi daga Ƙonni, na ce ba ranar magana ba ce. Litinin na kai masa abinci, na durƙusa, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko gishiri ya ji. Talata da hantsi ta tafi.

Don haka duk wadda ta zauna a tsakar gidanmu ta roƙa wa Inna gafarar yarinyar nan, ta gyara addu'arta. Ta roƙa mata ladan kowane tulu da ta ɗauko daga gabas, da na kowane baƙo da ya sha a ƙofarmu, da na shirun da ta yi. Wadda kuma ta mai da randarta ta gero, ta juye ta wanke, ta zo in nuna mata. Ruwan Inna bai taɓa cutar da kowa ba. Ya Allah, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, ka haɗa ta da ƙawarta.

Ranar Juma'a da safe, bayan baƙi sun watse, na sami maigidana a ɗakinsa shi kaɗai. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa masa kamar yadda na rubuta a nan, ban rage komai ba. Na shirya wa duka, na shirya wa saki, har kayana na ɗaure tun asuba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ta san da wanga?"

Na ce ta sani tun ranar farko.

"Ranar da na yi mata maganar nan gaban mutane, ta sani?"

Na ce ta sani.

Ya ce, "Yaushe kunka yi maganar, ke da ita?"

Na ce Asabar.

Ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, dattijo mai furfura. "Asabar. Lahadi. Litinin. Kullum ina shiga ina gaishe ta, tana ji na. Ko Litinin da marece kinka hwaɗa mani, da na kama ƙahwarta." Ya sake cewa, "Ke ta yahe miki. Ni wa za ni roƙa?"

Ya tashi ya ratsa ta gefena ya fita ko takalmi bai sa ba. Na bi shi har zaure, na ga ya kama hanyar maƙabarta. Nan na tsaya, don mata ba su zuwa can.